Tsohuwar Na'ura da Sabuwar Kwamfuta: Matsalar Adana Tarihin Daura

1.0 Gabatarwa

Tarihin Daura ya sha sauya mazauni. Da fari a bakin maroƙa da dattawan fada yake, daga baya malamai suka rubuta jerin sarakuna a cikin Girgam. A 1928 H. R. Palmer ya buga fassararsa, a 1978 kuma littafin M. G. Smith a kan sha'anin Daura ya fito. A zamaninmu, da yawa daga cikinmu mun ɗauki hotunan takardu da muryoyin dattawa da na'urori masu mahaɗin USB. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi tarihin mahaɗin, mu ga dalilin da ya sa wasu na'urorin suke ƙin aiki da sababbin kwamfutoci.

2.0 Tarihin Mahaɗin

An fito da USB a 1996, aka gyara shi a 1998, gudunsa bai wuce megabit 12 a daƙiƙa ba. A 2000 zubi na biyu ya kai 480, na uku ya zo a 2008, sa'an nan a 2014 aka sake siffar bakin, watau USB-C. Duk da haka an kiyaye ƙa'ida guda: sabon mahaɗi ya karɓi tsohuwar na'ura. Saboda haka bambancin baki ƙaramar matsala ce, adafta kan warware ta.

Babbar matsalar tana ga direba, watau 'yar manhajar da take tafinta tsakanin na'ura da kwamfuta. Filashi da allon rubutu suna bin ƙa'ida ta gama-gari, don haka kowace babbar manhaja ta san yarensu. Amma yawancin tsofaffin sikanoni da wasu rakodoji sun dogara ne ga direban kamfaninsu. In kamfani ya daina sabunta shi, shi ke nan, domin direban da aka rubuta wa Windows mai bit 32 ba ya hawa mai bit 64.

Komawa ga tsohuwar manhaja ma ba ta da sauƙi. An daina tallafa wa Windows XP a 2014, Windows 7 kuwa a 2020. Daɗin daɗawa, daga 2015 Intel ya cire tsohon sashen sarrafa mahaɗi mai suna EHCI, ya bar xHCI, wanda waɗannan manhajoji biyu ba su zo da direbansa ba.

3.0 Abin da Ya Shafi Daura

Sarkin Daura Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar ya gaje shi har 2007. Dattawan da suka ga zamanin Abdurrahman da idonsu, waɗanda suka ji labarin Zango da Baure da dawowar Malam Musa a 1906 daga bakin iyayensu, galibinsu sun riga mu gidan gaskiya. Muryar da ta maƙale a rakodar da kwamfuta ta kasa karantawa ba ta da inda za a sake ɗauko ta.

4.0 Kammalawa

Shawararmu uku ce. Na ɗaya, kowane sashen tarihi ya ajiye tsohuwar kwamfuta guda mai lafiya, da faya-fayan direbobinta, ba tare da haɗa ta da intanet ba. Na biyu, a jarraba Linux, wadda take riƙe da direbobin tsofaffin sikanoni da dama. Na uku, kuma mafi muhimmanci, duk ranar da na'ura ta amsa, a kwashe abin da ke cikinta zuwa tsari na gama-gari, a ajiye kofe a wurare dabam-dabam. Girgam ya iso gare mu ne saboda malamai sun riƙa kwafarsa tun takardar ba ta ruɓe ba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.