Yadda ake auna gubar afalatoksin a gyaɗa da masara ta hanyar haske

Idan kana kai gyaɗa, masara ko ƙuli-ƙuli kasuwar Sabon Gari da ke ƙaramar hukumar Fagge, ka san yadda ake ciniki: mai saye ya duba, ya ɗan tauna, ya taya. Sai dai akwai gubar da ido ko harshe ba sa gano ta, wato afalatoksin.

Mece ce ita?
Fumfuna ce mai suna Aspergillus flavus da danginta ke haifar da ita, tun a gona ko a rumbu mai laima. An gano ta bayan 1960, lokacin da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila sanadin abincin da aka haɗa da gyaɗa. Tana lalata hanta, tana kawo dajin hanta, kuma suya ko dahuwa ba sa kashe ta. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya.

Yaya ake auna ta?
Ka ga fitilar da ake haska kuɗi da ita don gane jabu? Irin wannan hasken, na ultrabayolet, shi ake amfani da shi. Idan ya sauka kan gubar sai ta yi ƙyalli: nau'in B1 da B2 shuɗi, G1 da G2 kore. A ɗakin gwaji ana niƙa samfur, a tatso gubar da sinadari, a tace, sannan na'ura ta auna ƙarfin ƙyallin. Tun da wasu sinadaran cikin ƙwaya ma suna ƙyalli, akan koya wa kwamfuta lissafi da samfuran da aka san adadin gubarsu, don ta ware na guba daga sauran.

Kada ka dogara da haska buhu da fitila kawai. Alama ce, ba awo ba.

Aikinka
Gubar ba ta bazuwa daidai. Ƙwaya kaɗan na iya ɓata buhu, kuma Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da ta haura maikurogiram 4 a kilo. Don haka:

- Ku 'yan ƙungiya, ku ɗebi samfur daga buhuna da yawa, sama, tsakiya da ƙasa, ku gauraya kafin ku kai awo.
- Ka shanya a kan leda ko tabarma har ya bushe ƙayau, ba a ƙasa ba.
- Ka tsince ruɓaɓɓu da fasassu. Kada a yi ƙuli-ƙuli da su, kada a ba dabba, don gubar na fita a nono.
- Ka ɗora buhuna kan katako, nesa da bango.
- Ka tambayi malamin gona game da Aflasafe na cibiyar IITA: kilo 10 a hekta, mako 2 zuwa 3 kafin fure.

Ka adana takardar sakamakon awo, ka nuna wa manyan masu saye kafin a yanke farashi.