Tallafin nakasassu: Shin samun kuɗin shiga na rage shi?

A ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo da ke yammacin jihar Kano, nakasassu da dama na neman abincinsu ta hanyar ɗinki, ko gyaran takalma, ko ƙaramar tireda, ko kuma noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Challawa.

Tambayar da kan taso ita ce, ko irin wannan sana'a za ta iya hana mutum tallafin gwamnati. Amsar dai ta danganta ne da irin tallafin da ake magana a kai.

Dokar tarayya

Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ba ta tanadi alawus na wata-wata ba. Daga cikin tanade-tanadenta akwai ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati.

A maƙwabciyar jihar Jigawa kuwa, gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan wasu nakasassu naira 7,000 kowane wata a 2007, da nufin raba su da bara.

Rajistar masu ƙaramin ƙarfi

Shirin tallafin kuɗi da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016 ya riƙa bai wa gida naira 5,000 a wata. A nan talaucin gidan ake dubawa, ba nakasar mutum ɗaya ba.

Da yake galibin mutanen karkara ba su da takardar albashi, jama'ar gari ne kan fitar da sunayen mabuƙata, sannan jami'ai su duba yanayin muhalli da kadarori da yawan iyali. Ke nan abin da gida ya mallaka ya fi tasiri a kan cinikin da mai ɗinki ya yi a rana guda.

Diyyar ma'aikata

Lamarin ya sha bamban ga wanda ya nakasa a bakin aiki. A ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke aiwatarwa, wanda ya kasa aiki kwata-kwata zai riƙa karɓar kashi 90 cikin 100 na albashinsa. Idan kuma yana iya wani aikin, ana lissafa diyyar ne bisa asarar da aka ƙiyasta ya yi a albashin.

To sai dai a aikace, masu aikin albashi ne ke cin gajiyar dokar, ba manomi ko masunci mai zaman kansa ba.

A wasu ƙasashe

A Amurka, shirin SSI na zaftare dala ɗaya daga tallafin a kan kowace dala biyu da mutum ya samu ta hanyar aiki, bayan an yafe masa wani ɗan kaso na farko. A Birtaniya kuwa, tallafin PIP da aka fara a 2013 bai la'akari da albashi ko ajiya, domin an yi shi ne don rage ɗawainiyar da nakasa ke jawowa.

Wannan bambanci na da muhimmanci ga duk jihar da ke shirin kafa irin wannan alawus. Idan ƙaramar sana'a za ta sa a yanke tallafi baki ɗaya, to wasu za su gwammace su ajiye sana'ar.