tàitāniyàm

tàitāniyàm *sn., nj.*, ba jm. (aro daga Turanci, alama Ti, lamba 22).

1. Ƙarfe mai launin azurfa, marar tsatsa, ya fi baƙin ƙarfe rashin nauyi. Yana narkewa a zafin digiri 1,668 a ma'aunin Celsius. William Gregor ya gano shi a Ingila, 1791: *an sa masa ~ a ƙugu*.

2. faifan ~ (jm. *faya-fayan ~*): siririn faifai da ake yankowa daga sandar ƙarfen, a goge har ya yi sheƙi, don ƙera ƙananan na'urori. haɗin ~: manna faifai biyu da zafi da dannawa a wurin da aka zuƙe iska, ba tare da narkarwa ba.

*Sif.* na/ta ~.

*Lura:* Kuskure ne a ɗauka faifan ~ zai ture na silikon a kasuwa. Gaskiya silikon na tsagewa, tàitāniyàm kuwa lanƙwasa yake, jikin mutum kuma ba ya ƙin sa. Amma tace shi da maganiziyam, hanyar Kroll, na cin wuta da kuɗi, kuma ba ya aikin tiransisto. Kasuwar faifan ~ ƙarama ce, ta kayan likita da na'urorin awo. Yawancin ma'adininsa farin fenti ake yi da shi.