Asalin Gidan Barebari na Zazzau

Wanda ya ji ana cewa Gidan Barebari a Zariya zai zaci Barebari ne. To, ba haka ba ne, Filani ne. Daga ƙasar Barno suka taso suka yo yamma har suka sauka Zazzau, sai sunan ƙasar da suka baro ya bi su.

Kakan gidan shi ne Malam Yamusa. Shi ya taimaki Malam Musa wajen jihadi har suka ci Zariya, Sarki Makau ya gudu Zuba. Aka naɗa Yamusa Madaki. Da Musa ya rasu cikin 1821, sai ya gaje shi, ya yi sarauta har 1834.

Zuriyarsa ta sha daɗi, ta sha wuya. Jikansa Abdullahi ɗan Hamada, sau biyu Sakkwato tana tuɓe shi. Jikan Abdullahi kuwa, watau Kwasau, Turawa suka fitar da shi, aka kai shi Lakwaja. Duk da haka gidan bai faɗi ba. Daga Yamusa zuwa Ja'afaru ɗan Isiyaku, wanda ya rasu cikin 1959, mutum tara ne daga cikinsu suka sarauci Zazzau. Baƙon jiya ya zama maigida.