Gadar Gaya da kwantenonin da sunka kwana a Kwatano

Duk kwantenar da aka sauke a Kwatano da sunan ɗan kasuwar Nijar sai ta yi tafiyar fiye da kilomita dubu kafin ta iso Yamai, kuma kafin 2023 dole ta bi ta gada guda, wadda ta haɗa Malanbil da Gaya. Da sojoji sunka kifar da gwamnatin Bazoum ran 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa takunkumi ran 30, Benin kuwa ta rufe gadar. Na ji mutane da yawa suna cewa ba a taɓa ganin irin wannan ba. An taɓa gani, a wannan hanyar ma.

Tun farko ba ta nan kayanmu ke fita ba. Gujiyar Maraɗi da Damagaram Kano ake kai ta, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Legas. Faransawa ba su so ribar na tsayawa hannun Ingilishi ba, shi ya sa a 1953 sunka buɗe abin da sunka kira Opération Hirondelle: kamiyo ya sauko da gujiya har Paraku, jirgin ƙasa ya ƙarasa da ita bakin teku, ya komo da kayan kanti. Ni dai a ganina siyasa ce ta shata hanyar nan, ba sauƙin tafiya ba.

Shekara goma bayan haka ta nuna halinta. A ƙarshen 1963 rigima ta tashi a kan tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta kori ma'aikata ƴan Dahome, su kuma sunka tare kayan Nijar a tashar jirgin ruwa da kan hanya. Tsibirin kuwa sai a 2005 kotun duniya ta ce na Nijar ne. Ƙofar Najeriya ma ba ta fi tabbas ba: Buhari ya rufe iyaka a 1984, ba a buɗe ta ba sai 1986, ga fari, har tsofaffin Maraɗi na kiran yunwar lokacin El Buhari.

Abin da ya bambanta 2023 shi ne kwantenar kanta. Buhun gujiya in ya kwana a sito naka ne. Kwantena kuwa ta kamfanin jirgi ce, aro ya ba ka. Ƴan kwanaki kaɗan ne kyauta, daga nan kullum kuɗɗi na hawa, ga kuɗɗin ajiya na tashar, ga bashin banki da ba ya jira. Magani na da ranar mutuwa, abincin yara masu tamowa ma haka, kuma har kayan agajin Majalisar Ɗinkin Duniya sun maƙale. Mai ƙaramin jari kan iske kuɗɗin jinkiri sun kusa cinye kayan tun bai gan su ba.

Sai aka koma Lome, a ratsa Burkina ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari da rakiyar soja, a yi makonni ana jiran a tashi. A Gaya kuma masu kwalekwale sunka samu kasuwa, ana sauke kaya wancan ƙetare, a haye da su kaɗan-kaɗan. CEDEAO ta ɗage takunkumin ran 24 ga Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma wannan karon Yamai ce ta ƙi buɗewa.