Dell 'yar gwanjo ko Raspberry Pi? Tsohuwar rigimar x86 da ARM

1/ Jiya a majalisarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi musu ya kaure. Abokina zai haɗa sabar imel a kan Linux don aikin kammala digirinsa, kuɗinsa kuma na na'ura ɗaya ne: Dell 'yar gwanjo ko Raspberry Pi? Rigimar nan ta girme mu duka. Ku biyo ni 🧵

2/ Dell ɗin daga gidan x86 take. A 1978 Intel ta fitar da 8086, a 1981 IBM ta sa ƙaninsa 8088 a kwamfutarta, kasuwa ta bi. Linux ɗin ma a kan 386 Linus Torvalds ya fara rubuta shi a 1991, yana ɗalibi a Helsinki. Ɗalibi fa, irinmu.

3/ Pi kuwa jinin ARM ce. A 1985 kamfanin Acorn na Cambridge a Ingila ya ƙera ARM na farko. Sophie Wilson da Steve Furber ba su da kuɗi irin na Intel, sai suka yi shi mai sauƙin tsari. Burinsu kada ya wuce wat 1, don a rufe shi da roba mai arha. Da aka auna, wajen kashi ɗaya cikin goma na wat yake ci!

4/ Rashin cin wutar nan ne ya kai shi cikin waya. Leƙa Farm Centre a Tarauni: Tecno, Infinix, iPhone, duk ARM ne a ciki.

5/ Sabobi dai x86 ta mamaye su, musamman bayan AMD ta kawo 64-bit a 2003. Sai Pi ta fito a 2012, Amazon ta sa ARM a sabobinta a 2018.

6/ To wanne? Debian na da amd64 da arm64, Postfix da Dovecot na tafiya a duka biyun. Imel ɗin mutum talatin ba ya gajiyar da kowanne. Abin da ke kashe saba a Kano ɗauke wuta ne, ita kuma dole ta kwana a kunne.

7/ Cajar Pi 4 wat 15 ce, ƙaramin sola da batir sun riƙe ta. Dell kuwa, ka tanadi kuɗin fetur. Ni ARM na zaɓa masa.

8/ Amma na gargaɗe shi: katin memori ba ya jure yawan rubutu, ya sa SSD. Kuma da layin data na waya ba shi da tsayayyen IP, Gmail na iya ƙin karɓar saƙonsa. Nan ya yi shiru, ya ce a ƙaro shayi.