Tarihin Haɗuwar Horon Motsa Jiki da Darasin Fiziks a Manyan Makarantu

Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibin da ya shiga kwaleji domin ya koyi horon motsa jiki yakan yi mamaki in ya tarar da darasin Fiziks na share fage a cikin manhajarsa. Wasu malamai ma sukan goyi bayansa, suna ganin an ɗora masa kayan da ba nasa ba. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi sawun yadda fannonin biyu suka haɗu. Ra'ayinmu shi ne, motsa jiki bai sami gindin zama a jami'a ba sai da ya ari awo da lissafi daga Fiziks.

Zamanin Atisaye

A farkon ƙarni na 19 Turawa ba su ɗauki motsa jiki a matsayin ilimi ba. A 1811 Friedrich Ludwig Jahn ya buɗe filin atisaye a bayan birnin Balin, domin ya ƙarfafa samarin Jamus bayan kashin da suka sha a hannun Napoleon. A 1813 Per Henrik Ling ya kafa cibiyar horar da malaman motsa jiki a Stockholm ta ƙasar Suwidin. Tsarin Ling ya kula da ƙirar jiki, amma a aji abin da aka fi gani shi ne malami na ba da umurni, ɗalibai na bi a sahu. Wannan tsari ne ya shiga makarantun Ingila, daga nan manhajar Ingila ta 1933 ta iso makarantun Nijeriya a zamanin mulkin mallaka.

A Amurka kuwa likitoci ne suka fara riƙe aikin. Kwalejin Amherst ta naɗa Dokta Edward Hitchcock a 1861, Jami'ar Harvard ta ɗauki Dokta Dudley Sargent a 1879. Dukansu sun riƙa auna tsawon ɗalibai da nauyinsu da ƙarfinsu, suna rubutawa. Wannan awo ya nuna halin da jiki yake ciki, amma bai bayyana dalilin motsinsa ba.

Gudummawar Masana Fiziks

Bayanin dalilin ya riga atisayen da daɗewa, sai dai yana kwance a littattafan wasu mutane daban. Giovanni Borelli, malamin lissafi ɗan Italiya, ya rubuta littafi a kan motsin dabbobi, wanda aka buga a birnin Rum a 1680 da 1681, bayan rasuwarsa. Ya nuna cewa ƙashi da gaɓa da tsoka suna aiki ne bisa ƙa'idar da muka sani a jigon ban ruwa, inda gajeren ɓangare yake bukatar nauyi mai yawa kafin ya rinjayi dogon. Alal misali, in tsokar damtse ta kama ƙashi a nisan santimita 5 daga gwiwar hannu, tafin hannu kuma yana nisan santimita 35, to riƙe kilo 5 zai sa tsokar ta ja da ƙarfin da ya kai na kilo 35. Abin da jiki ya rasa ta wajen ƙarfi, shi yake samu ta wajen sauri da faɗin motsi. Borelli ya kuma kwantar da mutum a kan katako ya daidaita shi, ya gano inda cibiyar nauyinsa take.

Abin da ya rage shi ne hanyar ganin motsin da ya fi ƙarfin ido. A 1878 Eadweard Muybridge ya jera na'urorin ɗaukar hoto a Kalifoniya, ya tabbatar da cewa akwai lokacin da doki mai gudu yake ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa. A shekarun 1880 Étienne-Jules Marey na Faransa ya riƙa ɗaukar matakan motsin mutum a kan faifai guda, ta yadda za a auna nisa da lokaci, a fitar da sauri.

Sai kuma A. V. Hill na Ingila, wanda ya fara da karatun lissafi a Kambirij. Ya sami kyautar Nobel ta 1922, tare da Otto Meyerhof, saboda aikinsa a kan zafin da tsoka take fitarwa. A 1927 a Jami'ar Cornell ya ɗaura wa masu tsere maganaɗisu, ya jera naɗaɗɗun wayoyi a gefen fili, kowace tana nuna lokacin da mai gudu ya wuce ta. Ta haka gudun mutum ya zama abin da ake lissafawa da dokokin motsi na Newton.

Shiga Manhaja

Haɗuwar ba ta zo da sauƙi ba. A farkon shekarun 1890 Harvard ta buɗe digiri na shekara huɗu a ƙarƙashin George Fitz, wanda ya haɗa Fiziks da Kemistiri da nazarin jiki da horon motsa jiki. Shirin bai cika shekara goma ba ya mutu, yawancin kwalejoji suka ci gaba da yaye masu koyar da wasanni kawai.

Ranar wanka ta zo a 1963, lokacin da James Conant, tsohon shugaban Harvard, ya binciki yadda ake horar da malamai a Amurka, ya ba da shawarar a soke karatun babban digiri a wannan fanni, don bai ga zurfin ilimi a cikinsa ba. A 1964 Franklin Henry na Jami'ar Kalifoniya ya yi kira da a gina fannin a kan tushen kimiyya. Cikin shekarun da suka biyo baya aka buɗe ɗakunan binciken motsin jiki, kuma a 1973 aka kafa ƙungiyar duniya ta masanan wannan fage a Jami'ar Jihar Pennsylvania. Tun daga nan share fagen Fiziks ya zama sharaɗi a manhajoji da dama.

Ya kamata mu lura cewa ba kullum lissafi yake gaba ba. Dick Fosbury, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta Meziko a 1968 da tsallen mita 2.24, ya gano salonsa na tsallake sanda da baya ne ta gwaji tun yana makarantar sakandare. Fiziks ce ta bayyana sirrin daga baya: in jiki ya lanƙwashe a kan sanda, ba sai cibiyar nauyi ta yi sama sosai ba. Wannan bayani ne ya sa salon ya zama abin koyarwa ga kowa.

Kammalawa

Mun ga cewa fili shi yake kawo tambaya, Fiziks ta kawo amsa. Malamin da bai san ƙa'idar jigo ba, ba zai iya faɗa wa ɗalibi dalilin da ya sa ɗaga kaya nesa da jiki yake cutar da baya ba, umurni kurum zai bayar, kamar yadda aka yi a zamanin atisaye. Saboda haka shawararmu ga masu tsara manhaja ita ce kada a cire darasin Fiziks don ɗalibai sun koka. A gyara yadda ake koyar da shi, a ɗauko misalan ƙarfi da sauri da makamashi daga gudu da tsalle da jifa da kokawa, domin ɗalibi ya ga dokar a jikinsa kafin ya gan ta a kan allo.